Malam Zaki, Mai Tutar Katagum

'Yan'uwa mutanen Bulkachuwa, yaranmu da aka haifa a nan sun ɗauka daga Azare sarautarmu ta faro. To, a gyara masu.

Malam Ibrahim Zaki ne tushe. A Yayu aka haife shi, can wajen Chinade, maƙwabtanmu. Ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna Tashena, sannan ya kafa birnin Katagum. Har Birnin Gazargamu ya ci da yaƙi, ko da yake bai daɗe a ciki ba. Dalilin ke nan aka riƙa kiran magadansa Sarkin Barno. Ya rasu a 1814. Sai a 1916 fada ta koma Azare.

Allah ya jiƙansa, amin.