THOMAS TELFORD: ƊAN MAKIYAYI DA YA SHUGABANCI INJINIYOYI

A Jami'ar Heriot-Watt da ke birnin Edinburgh, a ƙasar Sikotland, akwai wani ɗakin ajiye kayan tarihi na Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Birtaniya, inda aka tara tsofaffin na'urorin safiyo da zane-zane da guntayen ƙarafan gadoji. Shugaban wannan ƙungiya na farko shi ne marigayi Thomas Telford, mutumin da bai taɓa zama a ajin jami'a ba.

An haife shi ran 9 ga watan Agusta, 1757, a yankin Eskdale na kudancin Sikotland. Mahaifinsa makiyayin tumaki ne, ya kuwa rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, ya bar mahaifiyar da maraya cikin talauci. Da ya cika shekara 14 aka kai shi koyon sassaƙar dutse wajen wani magini. Da rana yana aiki, da dare yana karatu shi kaɗai. A cikin 1782 ya tafi Landan neman aiki, kuma a 1787 aka naɗa shi mai kula da gine-ginen hukuma a lardin Shropshire na Ingila.

A can ne sunansa ya fara fitowa. Cikin 1788 dattawan majami'ar St. Chad da ke garin Shrewsbury suka kira shi ya duba rufin da ke yoyo. Da ya duba sai ya gargaɗe su cewa ginin ne gaba ɗaya ke shirin faɗuwa. Suka yi watsi da maganarsa, suna ganin saurayin aiki kawai yake nema wa kansa. Ba a daɗe ba hasumiyar ta rufto. Wanda ya yi shekaru yana sassaƙa dutse da hannunsa, ai ba a yi masa gardama a kan tsagewar bango.

Daga nan manyan ayyuka suka yi ta zuwa. A 1805 ya gama gadar Pontcysyllte a Wales, wadda kwamin ƙarfe ne cike da ruwa, jiragen ruwa na bi ta cikinsa, ƙafa 126 a bisa kogin Dee. Har yanzu ana amfani da ita.

Amma aikin da ya fi taɓa rayuwar talakawa shi ne na tsaunukan arewacin Sikotland. A wancan zamani fatara da rashin hanya sun sa mutanen yankin suna ta ƙaura zuwa Amurka. Tun daga 1803 Telford ya jagoranci shimfiɗa sababbin hanyoyi fiye da mil 900 da gadoji sama da 1,000, dubban mutane suka sami aikin yi, da yawa kuma suka koyi sana'ar gini. Sai dai hanyar jiragen ruwa ta Caledonian da ya haƙa a can ba ta biya bukata ba. Ta cinye kuɗi fiye da yadda aka tsara, kuma kafin a buɗe ta a 1822 an fara ƙera jiragen da suka fi ƙarfin zurfinta.

Gadar Menai, wadda ya rataya a kan sarƙoƙin ƙarfe don haɗa tsibirin Anglesey da sauran ƙasar Wales, an buɗe ta a 1826. Tazarar da ke tsakanin manyan ginshiƙanta biyu ta kusa ƙafa 580.

Ya karɓi shugabancin ƙungiyar injiniyoyi a 1820, ya kuma samo mata takardar amincewar Sarkin Ingila a 1828. Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu ran 2 ga watan Satumba, 1834, yana da shekara 77, aka binne shi a majami'ar Westminster. A cikin wasiyyarsa ya bar wa ƙungiyar littattafansa da zane-zanensa, ya kuma ware kuɗi domin ɗakunan karatu na Westerkirk da Langholm, a yankin da aka haife shi.