WAZIRI BUHARI NA SAKKWATO: MUTUMIN DA YA AUNA ƘARSHEN AL'AMARI

A filinmu na tarihin magabata, wannan karon mun ɗauko rayuwar Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari. Dalilinmu kuwa shi ne wata tambaya da ta sha tasowa a zaurukanmu nan Maisandari: shin da me ake gane kyawun aiki, da bin umarni da ƙa'ida, ko da abin da aikin ya haifar? Sau biyu wannan tambaya ta tsaya wa Waziri Buhari a gaba, kuma kowane karo rayukan jama'a ne a kan sikeli.

An haife shi wajen shekarar 1842 a gidan ilmi da sarauta. Mahaifinsa Ahmadu ɗa ne ga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1886 ya gaji baffansa Abdullahi Bayero a wazirci. Aikin Waziri a wancan zamani ba zaman fada kaɗai ba ne. Shi ne idon Sarkin Musulmi a kan manyan masarautun gabas, ciki har da Kano da Zazzau, shi ke kai takardar naɗi, shi ke sasanta rigima.

Jarrabawa ta farko ta same shi a Kano a 1893, da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa Tukur ɗan marigayin, alhali 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin Yusufu, su ke da rinjayen jama'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa Waziri ya hango fitina, ya kuma faɗa, amma umarni bai sauya ba. Ya bi na gaba da shi, ya naɗa Tukur. To, abin da ya biyo baya kowa ya sani. Yusufawa suka fice zuwa Takai, Yaƙin Basasa ya ɓarke, Aliyu Babba ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Garuruwa sun ƙone, 'ya'yan Musulmi sun faɗa bauta a hannun 'yan'uwansu. Waziri bai saɓa wa shugabansa ba, amma ya ga abin da biyayyar ta haifar da idonsa.

Shekara goma bayan haka babbar jarrabawar ta zo. Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka doshi Sakkwato. Ranar 15 ga Maris aka yi karo a Giginya, bayan gari. Masu da takubba ba su jure wa bindiga mai ruwa ba, kafin rana ta take rundunar ta watse. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da niyyar hijira. Waziri kuwa ya sami kansa a Marnona da ɗimbin jama'a, mata da yara da tsofaffi, ba abinci, ba makami, ba wurin zuwa. Gaba kura, baya sayaki.

A nan ne ya tara malaman da ke tare da shi ya nemi fatawa. Suka duba rubuce-rubucen Shehu, suka ce in tsoro ya tabbata, ya halatta a yi mu'amala da mai ƙarfi a zahiri, a kan lamurran duniya, matuƙar zuciya ba ta bi shi ba, kuma bai hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Da wannan Waziri ya komo Sakkwato da jama'a. Ranar 21 ga Maris, a gaban Gwamna Lugga, aka tabbatar da Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi.

Kada mu zaci ya kwana da daɗi. Shi da kansa ya rubuta wata wasiƙa da Larabci zuwa ga ma'abota ilmi da tunani, inda ya bayyana irin fargabar da ta kama shi, ko abin da ya yi ya taɓa imaninsa. Alkali Ahmadu ɗan Sa'adu ne ya kwantar masa da hankali, da hujjar cewa in kowa ya tashi, ƙasar da Shehu ya kafa za ta zama kufai, ba mai kiran salla, ba mai yanke hukunci.

Wannan irin awo malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shi. Suna kiransa maslaha, suna kuma cewa in cuta biyu suka haɗu a ɗauki mai sauƙi. A Ingila ma wani masani mai suna Jeremi Bentam, wanda ya mutu a 1832, ya gina mazhaba guda a kan cewa kyawun aiki yana ga abin da ya haifar kaɗai, wato yawan amfanin da ya kawo wa mafi yawan mutane. Amma fa akwai bambanci. A wurin Bentam sakamako shi ne alƙali shi kaɗai. Malaman Marnona kuwa sun ja layi, suka ce a auna sakamako, amma akwai abin da ba ya hawa sikeli, shi ne imani da salla.

To, me zaɓin Waziri ya haifar? Sakkwato ba ta zama kufai ba. Kotunan alƙalai da makarantun zaure sun ci gaba, gidan Giɗaɗo ya adana littattafan jihadi. Ɗansa Junaidu, da aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rayu har 1997, kuma ta hannunsa da yawa daga tarihin nan ya iso gare mu. Amma akwai ɗaya gefen. A 1906, da mutanen Satiru suka yi wa Turawa tawaye, sarautar Sakkwato ta tsaya tare da Turawa, aka karkashe talakawa masu yawan gaske, aka shafe garin. Wannan ma yana cikin lissafin, ba za mu ɓoye shi ba.

Shi kuwa Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu. Nan Barno kuma Shehu Garbai ya bi hanya irin ta Waziri, ya karɓi Turawa a 1902, ya zauna Yerwa a 1907, garin da mu ma iyayenmu suka zo cin arziki.

Waziri Buhari ya rasu a 1910. Har yau wasu na ganin Attahiru ne ya yi daidai, wasu na ganin Waziri. Mu dai da muka ga tashin hankalin da ya faro a 2009 mun san nauyin wannan shawara. A cikinmu akwai wanda ya kwashe iyali ya koma Kano ko Katsina, akwai wanda ya zauna ya riƙe gida da masallaci, kuma ba wanda ya san ƙarshen abin a ranar da ya yanke. Abin da muka ɗauka daga Waziri shi ne bai yanke shi kaɗai ba, ya duba raunana kafin ya duba sunansa, ya san iyakar da ba zai tsallake ba, sannan ya rubuta hujjarsa don na baya su duba. Shugabannin unguwa da na ƙungiya, wannan darasi namu ne.

Allah ya jiƙan Waziri Buhari da Sarkin Musulmi Attahiru, ya ba mu zaman lafiya a Barno da ƙasa baki ɗaya, amin.