Jon Eliyot, Wanda Ya Mutu a Hasumiyar Landan

A wannan wata za mu ba da labarin Jon Eliyot, mutumin Konwal a ƙasar Ingila. An haife shi a shekara ta 1592, ya shiga Majalisar Dokoki a 1614 tun yana matashi.

Ɗaurinsa na fari abin mamaki ne. A 1623, sa'ad da ya ke kula da bakin tekun Debon, ya kama wani ɗan fashin teku, Jon Nat. Amma ɓarawon yana da uban gida a fada. Aka yafe masa, aka jefa Eliyot a kurkuku.

Dā shi abokin Bakingham ne, babban bafaden Sarki Chals na Fari. Da ya ga yadda mayaƙan Ingila suka komo daga Kadis a 1625, da yunwa da tsummoki, sai ya juya masa baya, ya kai ƙararsa gaban Majalisa a 1626. Sarki ya kulle shi. 'Yan Majalisa kuwa suka ƙi taɓa kowane aiki sai da aka sake shi. A 1627 aka sāke ɗaure shi, domin ya ƙi ba Sarki rancen dole.

Ran 2 ga Maris, 1629, Sarki ya aiko a tashi daga zama. Shugaban Majalisa ya miƙe zai fita, sai mutum biyu suka danne shi a kujerarsa, aka kulle ƙofa, har aka karɓi shawarwarin da Eliyot ya shirya a kan sāke al'amuran addini da karɓar kuɗin fito ba da yardar Majalisa ba. Ba mu ce dannewar nan ta yi kyau ba, amma ƙarar da aka kai shi ta haɗa har da maganar bakinsa.

Eliyot ya tsaya a kan cewa abin da aka faɗa cikin Majalisa, Majalisa kaɗai ke da ikon bincikensa. Alƙalai suka ci shi tarar fam 2,000 a 1630, da ɗauri har ran da zai amsa laifi. Abokansa da dama suka sami fita, shi kuwa ya ƙi amsawa. Tarin fuka ya kama shi, ya rasu ran 27 ga Nuwamba, 1632. Ɗansa ya roƙi gawar domin ya kai ta gida, Sarki ya hana, aka binne shi a can cikin Hasumiya.

A 1668 Majalisar Dattawa ta soke hukuncin nan.