Paul Klipsch, mutumin da ya sa wat uku ya cika ɗaki

Ban taɓa jin sunan Paul Klipsch ba sai ranar da na kai ƙarar wata 'yar amfilifaya wurin mai gyaran rediyon unguwarmu. Irin mai kwalaben nan ce da ke yin ja in sun ɗau zafi, kamar na tsofaffin rediyo, ƙarfinta wat uku da rabi kacal. Na haɗa ta da lasifikar zamani, sauti ya fito kamar daga cikin rijiya, in na ƙara murya sai ya dishe. Mai gyara ya nuna min lamba 86 a takardar lasifikar, ya ce amfilifaya ba ta da laifi, in je in karanta labarin Klipsch.

An haife shi a 1904 a garin Elkhart na jihar Indiyana, Amurka. Injiniyan lantarki ne. Ya kula da jiragen ƙasa masu lantarki a ƙasar Chile, ya ƙaro karatu a jami'ar Stanford, ya yi binciken mai a Texas. Yaƙin duniya na biyu ne ya kai shi garin Hope a jihar Arkansas, wurin gwajin harsasai na soja. A can, cikin wata rumfar kwano, ya fara ƙera lasifikarsa Klipschorn a 1946.

Dabarar ta ƙaho ce. Ai kowa ya san in ka yi kira ta cikin ƙaho murya ta fi zuwa nesa, alhali ƙarfin huhunka bai ƙaru ba. Matsalar ita ce ƙahon da zai fitar da sauti mai kauri sai ya yi tsawo ƙwarai. Klipsch ya naɗe shi cikin akwatin katako, ya tura akwatin kusurwar ɗaki, bango biyu suka zama ƙarashen ƙahon. Wat ɗaya tak yana ba da kusan desibel 105 a tazarar mita ɗaya. Ya sha nanata cewa amfilifaya mai kyau ta wat biyar ta wadatar, domin lasifikar da ba ta wahala wajen motsi ba ta gurɓata sauti.

To ga lissafin da ban yi ba kafin in kashe kuɗina. Duk ƙarin desibel 3 sai ka ninka wat sau biyu, ƙarin 10 kuwa sau goma. Wat uku da rabi yana ƙara kusan desibel 5 ne kawai a kan lambar lasifika. Tawa mai 86 ta tsaya a 91, kafin sautin ya iso kujera ma ya ragu. Lasifika mai 85 na buƙatar wat ɗari kafin ta kamo abin da Klipschorn ke yi da wat ɗaya. Mai irin amfilifayata ya nemi 95 zuwa sama, ya duba ohm ɗinsu ya dace, kuma kada ya kuskura ya kunna ta babu lasifika, tiransifomarta na iya ƙonewa.

Mutum ne mai taurin kai fa. Yana da wani ɗan baji rawaya a bayan kwalar rigarsa, ɗauke da kalmar da ba zan rubuta a nan ba, yakan buɗe wa duk wanda ya cika baki kan kayan sauti. Ya rasu a 2002 yana da shekara 98, kuma har yau ana ƙera Klipschorn a Hope.

Ni dai ba ni da kuɗinta, ɗakina ma ba shi da kusurwa biyu da babu kaya. Na sayar da tawa da asara, na sayi wasu tsofaffi masu 96, ban taɓa kai maɓallin murya rabi ba.