Dakta Charles Mérieux da Rigakafin Sanƙarau

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, Damagaram, Katsina ko Kano ya san lokacin sanƙarau. Daga ƙarshen hunturu zuwa saukar ruwan farko, iska ta bushe, ƙura ta tashi, sai a ji ɗan wane wuyansa ya sandare. Abin da 'yan uwa da yawa a nan ba su sani ba shi ne, allurar farko da aka yi wa miliyoyin mutane don wannan cuta a gefen garin nan aka haɗa ta, kuma wani mutumin Lyon ne ya tsaya a kanta.

An haifi Charles Mérieux a Lyon a 1907. Mahaifinsa, Marcel, ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta Paris kafin ya buɗe tasa cibiyar a Lyon a 1897. Babban ɗa, Jean, shi aka shirya wa gadon aikin, sai sanƙarau irin wanda ƙwayar tarin fuka ke haddasawa ya kashe shi a 1926. Charles ya maye gurbin wansa, da mahaifin ya rasu a 1937 ragamar ta dawo hannunsa. A ganina wanda bai san wannan mutuwar ba, ba zai gane nacin mutumin nan a kan sanƙarau ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu, da yunwa ta kama yara a Faransa, ya riƙa tace ruwan jinin shanu daga mayanka ana ba su. A 1947 ya buɗe cibiya a Gerland don rigakafin cutar baki da kofato ta shanu. Nan ya koyi noma ƙwayar cuta a manyan tankuna irin na masana'anta, kuma wannan dabarar ta dabbobi ce ya juyo da ita kan mutane. A 1968 kamfanin Rhône-Poulenc, mai masana'antu a nan Saint-Fons a lokacin, ya sayi kaso mafi yawa na cibiyarsa.

Sanƙarau kuwa, likitan soja Léon Lapeyssonnie ya riga ya zana yankinsa a 1963, ɗamarar da ta ratsa kudu da Sahara, ƙasar Hausa a tsakiyarta. Wani Ba'amurke, Emil Gotschlich, ya gano yadda ake ciro sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar a yi rigakafi da shi. Mérieux ya ɗauki aikin nau'in A, wato namu na Afirka, wanda kamfanoni ba su ga riba a cikinsa ba.

Sai a 1974 nau'in ya ɓulla a São Paulo ta Barazil. Cikin 'yan watanni ya gina sabon sashe a Marcy-l'Étoile, a 1975 aka yi wa mutum kusan miliyan 90 rigakafi, da bindigar allura irin wadda dattawanmu suka sani lokacin yaƙi da agana. Annobar ta lafa.

A nan ne nake da magana a matsayina na likita. Rigakafin yana da rauni: ba ya kama yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, kariyarsa ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ya kawar da ƙwayar daga maƙogwaron mai ɗauke da ita. Don haka a wajenmu ya zama kayan kashe gobara, sai an fara jana'iza ake neman sa. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ya kashe kimanin 25,000, arewacin Najeriya ce ta fi jin jiki. Barazil ta samu kuɗin yi wa kusan kowa a shekara guda. Mu sai Disambar 2010 aka fara MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso, kuma a Indiya aka haɗa shi, kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura. Ba na ɗora wa Mérieux wannan jinkiri, don shi ya nuna abin mai yiwuwa ne tun 1975.

A 1983 ya kafa Bioforce, makarantar horar da ma'aikatan agaji da ke maƙwabtanmu Vénissieux. Ɗansa, wanda shi ma aka sa wa suna Jean, ya rasu a haɗarin mota a 1994, kuma sunansa ne a kan ɗakin binciken miyagun ƙwayoyin cuta da aka ƙaddamar a Gerland a 1999. Charles Mérieux ya mutu a Lyon cikin Janairun 2001, yana da shekara 94.