Aldus Manutius, malamin da ya rage girman littafi

Aldus Manutius ya daɗe yana koyar da 'ya'yan masu sarauta a Italiya kafin ya koma birnin Benis wajen 1490, inda ya kafa maɗaba'a. Tsakanin 1495 da 1498 ya buga ayyukan Aristotal da harshen Girka cikin juzu'i biyar.

A lokacin, littattafan ilimi manya ne, sai an ɗora su bisa teburi. A 1501 Aldus ya fitar da waƙoƙin Virgil a ɗan ƙaramin littafi da matafiyi zai riƙe a hannu, da karkatattun haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa. Hukumar Benis ta ba Aldus ikon amfani da haruffan shi kaɗai, daga nan suka raba gari da Griffo. Masu buga na jabu a Lyon ta Faransa ba su kula ba. A 1503 ya wallafa gargaɗi, ya lissafa kurakuransu ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suka bi jerin suka gyara.

Ya rasu a 1515. Sunansa aka raɗa wa kamfanin Aldus, wanda ya fitar da PageMaker a 1985, manhajar da ta mayar da tsara shafin jarida kan kwamfuta.