Arthur Ashe, gwanin wasan tanis

An haifi Arthur Ashe a garin Richmond, ƙasar Amurka, a shekarar 1943. Baƙar fata ne. Uwarsa ta rasu yana da shekara 6. Ubansa mai gadin filin wasa ne. Nan Arthur ya koyi tanis, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da raket, ta tsallake raga.

A lokacin nan, a garinsu, ba a barin baƙar fata su yi gasa da turawa. Arthur bai karaya ba, kullum yana koyo. Ya ci babbar gasar Amurka a 1968. A 1975 ya ci gasar Wimbledon ta Ingila. Shi ne namiji baƙar fata na farko da ya ci ta.

A 1971 ya ziyarci Yawunde, ƙasar Kamaru. Ya ga wani yaro ɗan shekara 11, Yannick Noah, yana buga ƙwallo da kyau. Ya ba shi raket, ya yi masa hanya zuwa Faransa don ya ƙara koyo. A 1983 Noah ya ci babbar gasar Faransa.

Ciwon zuciya ya sa Arthur ya bar wasa a 1980. Ya zama jagoran ƴan wasan Amurka, suka ci Kofin Davis a 1981 da 1982. Wajen aikin zuciya aka ƙara masa jini mai ciwon sida. Ya rasu a 1993.

An rufe masa ƙofa yana yaro. Da ya girma, ya buɗe wa wani.